Kundin aiki: rage cin wuta a gida da gyare-gyaren kafin damina

1 ga Maris

Gidan da ake aiki a kansa yana da ɗakin kwana uku, falo, kicin da banɗaki biyu. Rufin kwano ne mai faɗin kimanin murabba'in mita 120, akwai silin, amma babu komai tsakanin silin ɗin da kwanon. Abu biyu ake so: a rage yunit ɗin da gidan ke ci, kuma a gama aikin rufi da magudana kafin ruwan farko ya sauka.

Makon nan ba za a sayi komai ba, ba za a canza komai ba, awo kawai za a yi. Kullum da ƙarfe bakwai na safe za a rubuta lambar da ke kan mitar wuta. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya, don haka lissafin kowane kaya shi ne: wat ɗinsa sau awowin da yake aiki, a raba da 1,000. Ga kayan da ke kunna kansu su kashe, irin firij da firiza, wannan lissafi ba ya bayar da gaskiya, sai an sa ƙaramar na'urar awon wuta tsakanin soket da kayan, a bar ta awa 24 cur.

Akwai wani awon da mitar ke bayarwa kyauta. A jikinta akwai jar fitila mai ƙyaftawa, kusa da ita an rubuta yawan ƙyaftawar da ke cika yunit ɗaya. A wannan mitar 1,000 ne, wato kowace ƙyaftawa wat ɗaya ne na awa ɗaya. Idan aka raba 3,600 da daƙiƙun da ke tsakanin ƙyaftawa biyu, an sami wat ɗin da gidan ke ja a wannan lokacin.

8 ga Maris

Mako ɗaya ya ci yunit 161, wato 23 a rana. Na'urar sanyaya ɗaki ce kan gaba da kimanin 6.5. Hitar ruwa mai lita 50, wadda ke kunne dare da rana, tana cin 4. Firij 2.4, firiza 1.6, fankoki huɗu masu wat 75 sun haɗu a kan 3, tsofaffin ƙwayayen fitila shida 2.2. Sauran ya rabu tsakanin injin tura ruwa, dutsen guga, talabijin da ƙananan kaya.

Abin lura a nan shi ne kayan da ke yin zafi ko sanyi su kaɗai sun ci kusan kashi biyu cikin uku. Yawancin mutane da fitila suke farawa don ita ido ke gani, alhali nauyin yana wani wuri. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Da dare an kashe duk abin da ake gani yana aiki, an zare firij da firiza da hita na ɗan lokaci, amma jar fitilar ta ci gaba da ƙyaftawa duk bayan daƙiƙa 80. Wat 45 ke nan ke zurarewa ba wanda ke amfani da shi, fiye da yunit ɗaya kullum.

10 ga Maris

An canza ƙwayayen wat 60 da na LED masu wat 9. Wajen saye lumen ake dubawa, wato ma'aunin yawan haske, kimanin 800 ne ke daidai da hasken tsohon wat 60. Na ɗakunan kwana masu lamba 3,000K, haske mai ɗan ja-ja; na kicin 6,500K, fari tas. An rage wat 306, a awa shida ya kama yunit 1.8 a rana.

11 ga Maris

An gano masu jan wat 45 ɗin nan ta hanyar zare kaya ɗaya-ɗaya ana ƙirga ƙyaftawa: dikoda, tsohuwar na'urar sauti, da na'urar daidaita wuta da ke kunne ba kaya a kanta. An haɗa na falo a soket mai makunni guda. Yanzu wat 12 ya rage, yawancinsa na'urar intanet ce.

14 ga Maris

Firij. An sa takarda a bakin ƙofa aka rufe, aka ja. A sama ta riƙe, a ƙasan ɓangaren hannu ta zare ba wata turjiya. Robar ƙofar ta bushe ta tsage a kusurwa, iska mai zafi na shiga, kwampireso, wato injin da ke samar da sanyin, ba ya samun hutu. An yi odar sabuwar roba da lambar samfurin firij ɗin, domin robar da aka ce tana shiga kowane firij ba ta cika zama daidai ba.

Kafin ta zo, an zare wuta, an janyo firij ɗin, an goge ƙurar da ta lulluɓe bututun baya da burushi mai laushi. Ta wannan bututun zafin cikin firij ke fita, ƙura kuwa tana tare shi. An bar tazarar santimita 10 tsakaninsa da bango. Ma'aunin zafi da aka bari cikin kofin ruwa a tsakiyar firij ya nuna digiri 1, sanyin ya wuce buƙata. An mayar da shi ya tsaya a 4. Firiza tana kan 18 ƙasa da sifili, haka ake so. Ƙanƙarar jikinta ta kai santimita biyu, an narkar da ita da kwanon ruwan ɗumi. Ba a kankare ta da wuƙa, domin bututun gas yana kwance ƙarƙashinta, huda ɗaya ta isa ta kashe firizar.

18 ga Maris

Sabuwar robar ba ta kama ba. An sa ta, an rufe, takarda ta sake zarewa a wuri biyu, da safe kuma ga raɓa a bakin ƙofa. Dalili biyu ne. Na farko, robar ta zo a naɗe cikin leda, ta riƙe lanƙwasa. An cire ta, an jiƙa a ruwa mai ɗumi na minti goma har ta saki, aka mayar tana da laushi, ana farawa daga kusurwoyi huɗu kafin tsakiya, sannan aka bar ƙofar a rufe awa biyu don maganaɗisun cikin robar ya ja ta ta zauna.

Na biyu shi ne ƙofar da kanta ta ɗan sauka, saboda nauyin gorunan ruwa da ake jerawa a jikinta shekara da shekaru. An kwance sukurorin maƙalar ƙasa, an ɗaga ƙofar har ta daidaita da jikin firij, an ɗaure. An kuma murɗa ƙafafun gaba su ɗan fi na baya tsawo, yadda ƙofar za ta rufe da kanta idan aka sake ta. Awon awa 24 ya sauko daga 2.4 zuwa 1.7. Wanda ya sa sabuwar roba bai duba maƙalar ƙofa ba, zai iya cewa robar ce jabu, alhali lafiyarta ƙalau.

20 ga Maris

Hita. Ɗaga zafin lita 50 daga digiri 25 zuwa 60 yana cin kimanin yunit 2, ba yadda za a yi da wannan. Abin da za a iya ragewa shi ne maimaita dumamar da take yi duk yini tana maye zafin da ke fita ta jikinta da ta bututu. An sa mata agogon kunnawa da kashewa: awa ɗaya da rabi kafin asuba. An naɗe mita biyu na farkon bututun ruwan zafi da soso mai rufe bututu.

Ba a rage ma'auninta ƙasa da 60 ba. Ruwan da ke kwance tsakanin digiri 20 da 45 shi ne wurin hayayyafar ƙwayar cutar Legionella mai kama huhu, kuma ɗan yunit ɗin da za a samu bai kai a yi kasada da lafiyar mutanen gida ba.

24 ga Maris

Agogon hitar ya narke. Warin roba aka fara ji, da aka zare sai ga ƙafa ɗaya ta yi baƙi, soket ɗin ma ya ƙone a gefe guda. Hitar wat 1,500 ce, a wutar volt 230 tana jan amfiya 6.5 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudana ce), agogon kuwa an rubuta masa 10, don haka ba nauyi ne ya yi masa yawa ba. Da mai gyaran wuta ya buɗe soket ɗin, sai aka tarar sukurun da ke riƙe waya ya yi sako-sako. Mahaɗar da ba ta matse ba tana hana wuta wucewa sosai, sai wurin ya riƙa zafi. Om shi ne ma'aunin wannan hanawar, kuma rabin om kacal a amfiya 6.5 yana haifar da zafin wat 21 a wuri ɗan mitsitsi, kuma zafin yana ƙara sassauta mahaɗar, abin yana ta ƙaruwa har roba ta narke. Irin wannan ba ya sa bireka ta faɗi, domin wutar da ke wucewa ba ta haura ƙa'ida ba, shi ya sa yake da haɗari.

An daina haɗa hitar ta soket. An ba ta layinta daga akwatin bireka da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, agogon ya koma cikin akwatin yana sarrafa kwantakta mai amfiya 20, wato makunnin da ke ɗaukar nauyin wutar a madadinsa. Tunda an buɗe akwatin, an sa a matse duk sukurorin ciki da na soket ɗin dutsen guga da na'urar sanyaya ɗaki. An danna maɓallin gwaji na birekar kare rai mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta idan ta fara zurarewa ta jikin mutum ko ta ruwa, ta faɗi nan take. Ana so a riƙa danna shi bayan ƴan watanni. Wannan gyara ya ninka abin da aka ware wa hita, amma ba aikin da ake jinkirtawa ba ne.

27 ga Maris

An fara rufi. Da ƙarfe biyu na rana ma'aunin zafi a cikin silin ya nuna digiri 56, a ɗaki 36. Wannan zafin ne silin ke saukarwa har tsakar dare, shi na'urar sanyaya ɗaki ke yaƙi da shi. Tsarin aikin: toshe yoyo, sannan fenti, sannan shimfiɗar hana zafi. Ba a sauya wannan jeri, domin shimfiɗar da ta jiƙe ba ta da amfani.

Daga cikin silin da rana ake gane huda, haske ke shigowa ta wurin. An yi wa kowace alama da alli. Yawancinsu bakin ƙusa ne da robarsa ta ci rana ta farfashe. An cire su, an sa sukurorin rufi masu sabuwar roba, a kan tudun kwano ba cikin kwarinsa ba. Mai hawa ya taka layin ƙusoshi inda katako yake, da sassafe, da igiya a ƙugu, wani kuma na riƙe da tsani.

2 ga Afrilu

Farin fentin da aka shafa a ɓangaren yamma ya kumbura, yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Na gabas lafiya lau. Bambancin shi ne na gabas da safe aka shafa, na yamma kuwa aikin ya kai rana tsaka, kwanon ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai. Fenti mai ruwa idan ya hau ƙarfe mai zafi, samansa ke bushewa nan da nan, danshin ƙasa ya rasa hanyar fita ya ɗaga shi. Ƙari a kan haka, ɓangaren an share shi ne kawai ba a wanke ba, kuma akwai tsatsa a bakin kwanukan.

An kankare wurin gaba ɗaya da burushin ƙarfe, an wanke da ruwa da sabulu, an ɗauraye, an bar shi ya kwana ya bushe. Wuraren tsatsa an shafa musu fentin share fage mai hana tsatsa. Za a yi shafi biyu marasa kauri, daga fitowar rana zuwa ƙarfe tara, da kwana ɗaya a tsakani. Asarar ta kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fentin, sai an ƙaro bokiti.

5 ga Afrilu

Shafi na biyu ya kammala, ya kama.

8 ga Afrilu

An shimfiɗa audugar gilashi mai kaurin santimita 10 a kan silin, da safar hannu da takunkumi da tabarau, domin tana ƙaiƙayi kuma ba a son shaƙar ta. An haɗa bakin kowane gefe da na kusa da shi ba tare da giɓi ba, ba a kuma danne ta ba, tunda iskar da ke cikinta ce ke tare zafin. An ɗaga wayoyin wuta sun hau samanta, an bar fili kewaye da fitilun da ke cikin silin. Ramukan shan iska na gefen rufi an buɗe su an sa raga saboda ɓera da jemage. Yau cikin silin digiri 44, ɗaki 32. Rufi shi kaɗai ya cinye fiye da rabin kuɗin aikin duka, kuma a ganina shi ya fi cancanta, don amfaninsa yana nan ko da wuta ko babu.

11 ga Afrilu

Na'urar sanyaya ɗaki. Ragar tace iska ta toshe da ƙura, an wanke, an shanya a inuwa. A lokacin ƙura duk mako biyu ake so. Ɓangaren na'urar da ke waje an kashe wutarsa an wanke haƙarƙarinsa da ruwa marar ƙarfi, don ruwa mai ƙarfi yana lanƙwasa su. An toshe ƙasan ƙofa da roba, an sa labule mai kauri a tagar yamma.

An tsayar da ita a digiri 26 tare da fanka. Sa ta a 16 ba ya sa ɗaki ya yi saurin sanyi, kawai yana hana kwampireso tsayawa. Fanka kuma jikin mutum take sanyayawa, ba ta rage zafin ɗaki, don haka barin ta a ɗakin da ba kowa asara ce zalla.

14 ga Afrilu

Ruwa na ɗiga daga na'urar yana bin bango. Tiyon fitar da ruwa ya toshe da yauƙi, kuma a wani wuri ya lotsa ya koma sama. An zuƙe shi daga waje, an zuba ruwa ya wuce, an ɗaure shi yana gangara tun daga farko har ƙarshe.

16 ga Afrilu

Fankar falo tana juyawa a hankali tana gurnani. Kafasita, ƙaramar na'urar da ke taimaka wa injin fankar juyawa, ita ce ta raunana, an sa sabuwa mai lamba ɗaya da tsohuwar, 2.5. An goge fukafukan fankokin duka huɗun. Sayen fankoki masu cin kimanin wat 30 an ɗage shi sai an huce daga kuɗin rufi.

19 ga Afrilu

Injin tura ruwa yana tashi cikin dare ba wanda ya buɗe famfo. An zuba ɗan launi a tankin masai, ba a ja ruwa ba. Bayan minti 20 launin ya bayyana a kwanon. Robar ƙasan tankin ce ta lalace, ruwa na zurara shiru dare da rana, kuma kowace lita da ta tafi sai injin ya sake ɗago ta da wuta. An canza robar. An wanke tankin sama, an gyara murfinsa ya rufu sosai don kada haske ya shiga gansakuka ta fito, an sa raga a bakin bututun ambaliya saboda sauro.

23 ga Afrilu

Magudanar rufi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Ruwan milimita 30 a wannan rufin lita 3,600 ke nan, kuma yana iya sauka cikin ƙasa da awa ɗaya. An kwashe ƙasa da ganyen da suka taru, aka zuba bokitin ruwa daga can ƙarshe don gwaji. A tsakiya ruwan ya kwanta, maƙalai biyu sun saki. An ja zare an sake ɗaure su da gangaren kimanin milimita 4 a kowace mita zuwa indararo. Bakin indararon yana zuba a gindin bango, an ƙara masa bututu ya kai ruwan mita ɗaya da rabi nesa da tushen gini. An yashe kwatar gaban gida har inda ta haɗu da babbar, an sare rassan da ke gogar kwano.

25 ga Afrilu

An shafa ruwan sabulu a mahaɗar tukunyar gas da tiyo, ba kumfa. Tiyon ya fara tsagewa, an canza. Wutar murhu shuɗiya ce bayan an goge ramukan. Wurin ajiye janareta na damina an yi masa rumfa a fili, mita shida daga tagogi. Ba a shigar da shi baranda ko gareji don gudun ruwa, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba.

30 ga Afrilu

Makon da ya wuce ya ci yunit 110, kusan 16 a rana, duk da cewa zafin yanzu ya fi na farkon Maris. Na'urar sanyaya ɗaki ta sauko zuwa 4.5, hita 2.3, firij da firiza 3.1. Fankoki sun ɗan haura zuwa 3.3 tunda su ake jingina da su yanzu. Ragin yunit 51 ne a mako. Don sanin lokacin da kowane gyara zai mayar da kuɗinsa, a raba abin da aka kashe da darajar yunit ɗin da yake ragewa a wata. Ƙwayayen fitila da robar firij da ta masai cikin watanni kaɗan za su biya kansu, rufi zai ɗauki shekaru.

9 ga Mayu

Ruwan farko ya sauka da iska mai ƙarfi daga gabas. Magudana ta ɗauka. Matsala biyu ta fito.

Silin ɗin ɗakin gabas ya yi tabo. Ba daga sukurori ba ne. Inda kwano ya haɗu da bango ne, simintin da aka liƙe wurin ya tsage. Kwano yana miƙewa da zafi ya koma da sanyi, siminti ba ya bin sa, don haka duk liƙin siminti a wannan mahaɗa sai ya buɗe. Irin wannan tsaga haske ba ya ratsa ta, sai ruwan da iska ta koro ke samun ta. An cire audugar da ta jiƙe, kimanin murabba'in mita biyu, ba za a mayar da ita ba. Gyaran shi ne a tsaga bango zurfin santimita biyu, a cusa bakin lanƙwasasshen kwano a ciki, ya sauko ya rufe rufin da santimita 15, a cike tsagar da gam mai miƙewa.

Ta biyu, birekar kare rai ta faɗi ana tsakiyar ruwa, ta ƙi tsayawa. An sauke ƙananan birekoki duka, aka riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya har aka kai layin fitilun waje. Fitilar bakin ƙofa ruwa ya taru a cikinta, wayar ta shigo ta sama ba roba a bakin. Birekar aikinta ta yi, kuma duk wanda ya ba da shawarar a tsallake ta don wuta ta dawo kada a saurare shi. An bar layin a kashe.

12 ga Mayu

An gama mahaɗar bango, an gwada da tiyo minti 15, ba ɗigo. An sa fitilar waje mai lamba IP65, wato wadda ƙura da feshin ruwa ba sa shigarta, wayar ta shigo ta ƙasa tare da lanƙwasa yadda ruwa zai ɗiga kafin ya kai ciki. Za a bar silin a buɗe har ruwa biyu su wuce kafin a mayar da sabuwar auduga a shafe tabon.

Abin da ya rage: duba magudana bayan kowane babban ruwa, musamman bakin indararo, buɗe hita a cire farar ƙasar da ta daskare a jikin ƙarfen dumamawa, awon sandar ƙasa ta gidan, wato ƙarfen da aka kafa a ƙasa don ɗauke wutar da ta zurare, wanda mai gyaran wuta zai zo da na'urarsa ya yi. Karatun mita zai koma mako-mako. Lambobin damina ba za a gwada su da na Maris ba tunda yanayi ya sauya, sai da na daminar baɗi. Fankoki biyu na ɗakunan kwana su ne sayayya ta gaba, a watan Yuli.